Tutar girmamawa a jirgin ruwan shaƙatawa: tambayoyi da amsoshi

Mece ce tutar girmamawa, kuma me ya bambanta ta da tutar jirgi?

Kowane jirgin ruwa yana da ƙasar da aka yi masa rajista, kuma tutar wannan ƙasa ce ake kafawa a bayan jirgin, domin bisa yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan dokar teku ta 1982, jirgi ɗan ƙasar da yake da izinin ɗaga tutarta ne. Tutar girmamawa kuwa ƙaramar tuta ce ta ƙasar da aka zo baƙunci. Sallama ce irin ta masu tafiya a teku: matuƙin jirgin yana nuna cewa ya san gidan wani ya shigo, kuma ya yarda zai bi dokokin masu gida muddin yana cikin ruwansu.

A ina ake ɗaga ta?

A jirgi mai tafiya da iska, ana ɗaga ta ne a igiyar da ke rataye daga ƙarfen da ya gitta dogon sandan jirgin, ta hannun dama idan mutum ya fuskanci gaba. Wannan shi ne mazaunin daraja, kuma ba a ɗora wata tuta a samanta a igiya ɗaya.

Da zarar an hango gaɓar ƙasar ne ake ɗaga ta?

Ruwan ƙasa yana kaiwa mil 12 na teku daga gaɓa, kuma kowane mil mita 1,852 ne. Jirgin da ya shigo daga waje yana fara ɗaga wata tuta mai launin ruwan ɗorawa zalla, wadda ke wakiltar harafin Q a kundin alamomin teku na duniya da aka amince da shi a 1965. Ma'anarta ita ce babu cuta a jirgin, kuma ana neman izinin sauka. Asalin wannan al'ada tsoron annoba ne, tun zamanin da birnin Ragusa, wato Dubrobnik ta yau a Kuroshiya, ya fara tsare baƙi na kwana 30 a shekarar 1377, kafin a mayar da wa'adin kwana 40 a wasu biranen. Idan jami'an kwastan da na shige da fice sun gama aikinsu, sai a sauke wannan tuta mai ruwan ɗorawa. Wasu matuƙa suna jiran wannan lokaci kafin su ɗaga tutar girmamawa, wasu kuma suna ɗaga su biyun tun daga shigowa, ta masu gida a sama. A ganina na biyun ya fi dacewa, tunda ba a jinkirta sallama sai an zauna.

Tutar da aka sani ta ƙasar ce ake amfani da ita koyaushe?

A'a, kuma a nan ne baƙi suka fi yin kuskure. Wasu ƙasashe suna da tuta ta musamman don jiragen farar hula. Wanda ya je Birtaniya, jar tuta mai ɗauke da tutar ƙasar a kusurwarta ta sama zai ɗaga, domin ita tutar ƙasar zalla a teku an keɓe ta ga jiragen sojan ruwa. Ta Italiya tana da tambarin tsoffin biranen teku huɗu a tsakiyarta: Benis, Jenowa, Pisa da Amalfi. Tutar yanki, kamar ta tsibirin Kosika a Faransa, ana iya sa ta a ƙarƙashin ta ƙasa, amma ba ta maye gurbinta.

Akwai kuma haɗarin kamanni da na juyawa. Tutar Ayaland da ta Kwaddibuwa launukansu kusan ɗaya ne, sai dai kore ne ke kusa da igiya a ta Ayaland, ruwan lemo kuma a ta Kwaddibuwa. Wanda ya kifa tutar Indonesiya ya ɗaga ta Polan. Mafi tsanani ita ce ta Filifin, wadda idan ja ya koma sama, alama ce ta cewa ƙasar tana cikin yaƙi.

Doka ce ko ladabi kawai?

Asalinta al'ada ce, amma kowace ƙasa tana da ikon tilasta ta a ruwanta, kuma wasu suna ɗaukar lamarin da zafi. A Turkiyya, dokar tuta ta 1983 ta hana ɗaga tutar ƙasar idan ta yage, ko ta yi dauɗa, ko ta koɗe. Rana da iskar gishiri suna cinye ƙaramin ƙyalle cikin 'yan watanni, saboda haka matuƙin da zai daɗe a wuri yana tanadin ta biyu. Ni dai ina ganin tutar da ta zama tsumma ta fi rashin tutar muni, domin jami'in da ya hau jirgin zai ga alamar ƙasarsa ce aka bari ta lalace a hannun baƙo.

Yaushe ake sauke ta?

Ana sauke ta idan jirgin ya fita daga ruwan ƙasar. Ba a jera tutocin ƙasashen da aka ratsa a igiya ɗaya don ado, domin sa tutar wata ƙasa a ƙarƙashin ta wata ana ɗaukarsa a matsayin ƙasƙanci ga wadda ke ƙasa.