Aikin Binciken Haɗin Bakin 'Yan Kasuwa

Binciken haɗin bakin 'yan kasuwa reshe ne na aikin tabbatar da dokar gasa, wato dokar da ta hana masu sana'a iri ɗaya su haɗa kai a ɓoye su daina gogayya da juna. Masu wannan aiki galibi lauyoyi ne da masana tattalin arziki da akantoci, sai kuma masu iya tono bayanai daga cikin kwamfuta da waya. A Najeriya aikin yana hannun Hukumar Kula da Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya, wadda aka fi sani da FCCPC, kuma ikonta ya game dukan jihohi, tun daga manyan kamfanonin Legas har zuwa rumfunan hatsi na Kasuwar Kawo a Kaduna.

Abin da doka ke kira haɗin baki

Fuskoki huɗu ne aka fi sani. Akwai tsayar da farashi ɗaya tsakanin masu sayarwa. Akwai rabon kasuwa, inda wannan zai riƙe Kaduna wancan ya riƙe Kano, kowa ya kauce wa gonar ɗan'uwansa. Akwai rage kayan da ake fitarwa da gangan domin su yi tsada. Na huɗu shi ne maguɗin neman kwangila, inda kamfanoni za su shirya tun kafin ranar buɗe takardu wanda zai ci, sauran su cika kuɗi da gangan don a ce an yi takara.

Daidaituwar farashi kaɗai ba laifi ba ce, kuma a nan ne wahalar aikin take. Wanda ya zaga Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ya taya mudun shinkafa a rumfa goma yana iya jin kuɗi ɗaya, alhali babu wanda ya yi shawara da wani: dillali ɗaya ya sauke musu kaya, mota ɗaya ta kawo, kuma kowa yana jin abin da maƙwabcinsa ke faɗa wa mai saye. Abin da mai bincike ke nema shi ne yarjejeniya, ko a rubuce ko da baki ko da ƙyafta ido. Masu yin ta kuwa sun san laifi suke yi, ba sa barin sawu da son ransu.

Asali

Tunanin hana cutar mai saye ya girmi dokokin zamani. A fiƙihun Musulunci an hana ihtikari, wato ɓoye abinci har sai ya yi tsada. An hana tarye, wato tare masu kawo kaya a hanya a saye kafin su san farashin gari. An kuma hana najashi, wato mutum ya riƙa ƙara tayi ba da niyyar saye ba, don kawai ya tunzura wani. Sa ido a kan waɗannan yana cikin aikin hisba. A ɗaya ɓangaren, hadisi ya zo cewa da kaya suka yi tsada a Madina aka nemi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙayyade farashi, sai ya ƙi. Dokar gasa ta yau ta tsaya kusa da wannan matsayi: hukuma ba ta yanka wa ɗan kasuwa farashi, aikinta ta hana shi haɗa baki ya yanka wa jama'a.

Dokokin zamani sun faro daga Arewacin Amurka. Kanada ta yi tata a 1889, Amurka ta biyo baya a 1890 da dokar da ke ɗauke da sunan Sanata John Sherman. Da ita Kotun Ƙolin Amurka ta wargaza kamfanin mai na Standard Oil a 1911, aka raba shi gida 34. Turai ta sa irin wannan hani a yarjejeniyar Rum ta 1957. A Afirka, ƙasar da ta fi yin nisa ita ce Afirka ta Kudu, wadda ta yi dokarta a 1998 ta kafa hukuma a 1999.

Ƙungiyar OPEC ta ƙasashe masu fitar da man fetur, wadda aka kafa a 1960 kuma Najeriya ta shiga a 1971, tana yin abin da za a hukunta kamfanoni idan suka yi, wato shirya yawan man da kowa zai haƙo. Sai dai gwamnatoci ne ke yi, hannun hukumomin gasa bai kai can ba.

Dokar Najeriya

Najeriya ta daɗe tana bin wata hanya dabam. A shekarun 1970 gwamnatin soja ta dogara da ƙayyade farashi, har aka yi dokar 1977 a kan haka. Hukumomin sayen amfanin gona kuwa, waɗanda suka riƙe cinikin gyaɗa da auduga a Arewa, sai a 1986 aka rushe su. A 1992 aka yi dokar kafa majalisar kare haƙƙin masu saye, amma ba ta da haƙoran da za ta ciji masu haɗin baki. An yi ta kai ƙudurin dokar gasa majalisa yana mutuwa a hanya, har zuwa dokar 2018 da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019.

Dokar ta kafa FCCPC da kuma kotu ta musamman mai sauraron ƙorafi a kan hukuncin hukumar. Sashe na 59 ya haramta yarjejeniyoyin da ke tauye gasa, sashe na 107 zuwa 109 kuma sun yi magana a kan tsayar da farashi da haɗa baki da maguɗin neman kwangila. Ana iya cin kamfani tarar da ta kai kashi 10 cikin 100 na jimillar cinikinsa na shekarar da ta gabata, mutum kuma yana iya shiga gidan yari. Babatunde Irukera, lauya ne, shi ya fara jagorantar hukumar har zuwa Janairun 2024. Adamu Abdullahi ya yi riƙon ƙwarya, sannan aka naɗa Tunji Bello a cikin wannan shekarar.

Yadda ake kama su

Bincike yakan fara ne daga ƙorafi: wani mai sari da aka hana kaya, ma'aikacin da aka kora yana da haushi, ko jami'in sayayya da ya lura cewa kamfanoni uku ne ke ta karɓa-karɓa a kwangilolin ma'aikatarsa. Wani lokaci kuma alƙaluma ne ke tona asiri, kamar a ga farashi ya tsaya cak wata da watanni alhali kuɗin dizal da na canji suna hawa suna sauka.

A maguɗin kwangila alamun sukan zama ƙanana har su ba da dariya. A ɗauka an nemi masu gyaran azuzuwa shida a wata firamare, kamfanoni uku suka kawo takardu. Mai bincike zai shimfiɗa su a tebur ɗaya. Sai ya ga kalmar da aka rubuta ba daidai ba a shafi na huɗu na takardar farko ta sake fitowa da kuskuren nan a ta biyu da ta uku. Rasit ɗin banki na kuɗin fom lambobinsu a jere, an biya a reshe ɗaya cikin minti biyar. Lambar wayar da ke kan takardar kamfani na biyu ita ce ta akantan na farko. Bayan wata biyu kuma wanda ya faɗi takara shi ne ke kai yashi da bulo wurin aikin. Dokar sayayyar gwamnati ta 2007 ta riga ta mai da wannan laifi a matakin tarayya, Jihar Kaduna ma tana da hukumarta ta sa ido kan ba da kwangila, saboda haka irin wannan fayil yakan ratsa ofis fiye da ɗaya.

Idan zargi ya yi ƙarfi sai a nemi takardar izinin bincike daga alƙali a kai samame. Ana zuwa da sassafe, kuma a dukan kamfanonin lokaci guda, don kada wanda aka fara shiga wurinsa ya buga wa sauran waya. Ana tsare ɗakin ajiyar takardu, a kwafe abin da ke cikin kwamfutoci, a karɓi wayoyin manya. A da littafin ajiye alƙawari da rasit ɗin otal ake nema. Yanzu yawancin hujja tana cikin saƙonnin WhatsApp da imel, har waɗanda mai su ya ɗauka ya goge. A binciken da FCCPC ta yi wa kamfanin taba na British American Tobacco bisa zargin keta dokar gasa da wasu dokoki, an buɗe fayil a 2020, aka kai samame da izinin Babbar Kotun Tarayya a farkon 2021, sai a Disambar 2023 aka sanar da sulhu a kan dala miliyan 110. Shekara uku ke nan a kan magana ɗaya, kuma a wannan fage ba a kiran hakan jinkiri.

Afuwa ga wanda ya fara tona asiri

Babu makamin da ya sauya aikin kamar wannan. Ma'aikatar shari'a ta Amurka ta fito da tsarin a 1978, ta gyara shi a 1993 yadda kamfanin da ya riga kowa zuwa ya faɗi gaskiya zai tsira daga hukunci. Tarayyar Turai ta ɗauka a 1996, FCCPC ma ta fitar da nata ƙa'idojin a 2022. Hikimar a fili take. Haɗin baki amana ce tsakanin mutanen da kowannensu ke son cinye kasuwar ɗan'uwansa, to idan aka ce na farko ne kaɗai zai sha, kowa zai kwana yana tunanin ko abokinsa ya riga shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Misalin da ya fi kusa da idon mutumin Kaduna shi ne na manyan motoci. Sunayen da ke jikin tireloli a Mararrabar Jos, irin su DAF da MAN da Iveco, su ne Hukumar Tarayyar Turai ta samu da haɗa baki a kan farashi a kasuwar Turai na tsawon shekara 14, daga 1997 zuwa 2011. A 2016 aka ci DAF da Daimler da Iveco da Volvo mai haɗe da Renault tarar yuro biliyan 2.93. MAN bai biya ko sisi ba, domin shi ya kai rahoto. Scania ya ƙi sulhu, aka ci shi yuro miliyan 880 a 2017. A Afirka ta Kudu ma haka aka yi da burodi: masu rarraba shi a yankin Kef ta Yamma suka kai ƙara a ƙarshen 2006, kamfanin Premier Foods ya amsa laifi ya samu afuwa, Tiger Brands ya biya kusan rand miliyan 99 a 2007. A 2013 kuma kamfanonin gine-gine 15 suka amince da tarar rand biliyan 1.46 a kan maguɗin kwangiloli, ciki har da filayen gasar cin kofin duniya ta 2010.

Matakan aikin

Mai shiga wannan layi yakan fito daga karatun lauya ko tattalin arziki ko akanta, irin wanda ake yi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Jihar Kaduna. Shekarun farko na karatun takardu ne, dubban imel da rasit, ana neman layi ɗaya. Daga nan sai a fara ba shi tambayar shaidu, sannan ya jagoranci fayil. Babban jami'i kuwa hukunci ne aikinsa: wane ƙorafi za a bi, wane za a ajiye saboda ma'aikata kaɗan ne, yaushe hujja ta isa a je gaban alƙali, nawa za a sassauta wa wanda ya zo na biyu. Shi ne ke zama da manyan lauyoyin kamfanoni, waɗanda sau da yawa abin da ake biyansu a shari'a ɗaya ya ninka albashinsa na shekara. Tembinkosi Bonakele, wanda ya shugabanci hukumar Afirka ta Kudu daga 2013 zuwa 2022, ya yi mataimakin shugaba a cikinta kafin ya hau. Wasu kuma sukan bar gwamnati su koma kare kamfanonin da suke bincika a da, abin da ke jawo ƙorafi a ƙasashe da yawa. Aikin ya fara tsallaka iyaka a yankinmu tun da ECOWAS ta buɗe hukumarta ta gasa a Gambiya a 2019.

Ƙungiyoyin kasuwa

Inda dokar ta fi cin karo da al'ada shi ne ƙungiyoyin 'yan kasuwa. Tsarin sarkin kasuwa da sarkin pawa da dillalai da 'yan kamasho ya daɗe, kuma yana da amfani na gaske: sasanta rikici, tsaron rumfuna, lamunin bashi, taimakon wanda gobara ta cinye wa shago. Doka ba ta hana ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da ta hana shi ne ƙungiya ta zauna ta yanke kuɗin buhu ko na kujerar mota ta ci tarar wanda ya sayar ƙasa da haka, ko ta hana baƙo sauke kaya sai ta hannun 'ya'yanta. A 2024, lokacin da tsadar abinci ta yi tsanani, FCCPC ta fito fili ta zargi wasu ƙungiyoyin kasuwa da irin wannan, tana kuma maimaita cewa ita ba hukumar ƙayyade farashi ba ce.

A jiha irin Kaduna, mai noman masara a Saminaka da citta a Kachia, haɗin bakin yakan iya zuwa ta ɓangaren masu saye. Idan 'yan sari suka shirya kuɗin da ba za su wuce ba ranar kasuwa, manomin da ya biya kuɗin mota ya kawo buhu biyar ba zai iya komawa da su gida ba, dole ya sallama. Dokar ta shafi wannan kamar yadda ta shafi na masu sayarwa. Tabbatar da shi ne ke da wuya, domin an ƙulla maganar a tsaye a gindin bishiya, babu imel, babu rasit, kuma duk wanda zai iya ba da shaida yana da rumfa a cikin kasuwar da zai koma mako mai zuwa.