Kare kambu a ƙwallon kwando

Kare kambu shi ne ƙungiyar da ta ɗauki kofi a kakar wasa ɗaya ta sake ɗaukarsa a kakar da ke biye, ba tare da wata ta shiga tsakani ba. A ƙwallon kwando na ƙwararru an fi auna wannan da gasar NBA ta Amurka da Kanada, wadda ta soma a 1946, yau kuma take da ƙungiyoyi 30. Daga 1948, lokacin da aka fara samun zakara mai kambun da zai kare, zuwa 2025, an yi wannan gwaji sau 78, sau 23 ne kawai aka yi nasara. Wato bai kai ɗaya cikin uku ba. Ƙungiyoyi bakwai ne suka taɓa yi: Lakers, Boston Celtics, Detroit Pistons, Chicago Bulls, Houston Rockets, Miami Heat da Golden State Warriors.

Ga mai kallo a Garwa abin yakan zo da mamaki, domin ya saba da ƙwallon ƙafa, inda Coton Sport ta riƙe kofin Kamaru shekara shida a jere, daga 2003 zuwa 2008. A can mai ƙarfi yana ƙara ƙarfi ne. NBA kuwa an gina ta ne da gangan don a ja wanda ya hau sama ya sauko.

Tarihi

Adadin nan na 23 yana da ruɗi, domin bai rabu daidai a cikin shekaru ba. Boston kaɗai ta ci kofi takwas a jere daga 1959 zuwa 1966, zamanin Bill Russell, lokacin da ƙungiyoyin gasar ba su wuce takwas ko tara ba. Ta ƙara a 1968 da 1969, Russell yana wasa kuma shi ne mai horarwa. Daga nan sai ƙofa ta rufe. Babu wanda ya sake kare kambu sai Lakers ta Magic Johnson da Kareem Abdul-Jabbar a 1988, bayan shekara 19.

Da ƙofar ta buɗe sai abin ya zama kamar al'ada. Detroit ta yi a 1989 da 1990, Chicago ta Michael Jordan ta ci uku a jere har sau biyu, daga 1991 zuwa 1993 da kuma 1996 zuwa 1998, Lakers ta Shaquille O'Neal da Kobe Bryant ta jera uku daga 2000. Bayansu akwai Lakers a 2010, Miami a 2013, sai Golden State a 2018. San Antonio Spurs kuwa, duk da kofuna biyar da ta tara tsakanin 1999 da 2014, ba ta taɓa jera biyu ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa gwaninta ba ta wadatarwa.

Wanda ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne na Houston a 1995. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, shi ne ginshiƙin ƙungiyar. Sun ci kofi a 1994, amma kakar da ta biyo baya ta zo musu da tangal-tangal, suka ƙare a matsayi na shida a ɓangaren Yamma da nasara 47 cikin wasa 82. A Fabrairun 1995 suka ɗauko Clyde Drexler daga Portland, watan da Olajuwon yake wasa da azumin Ramadan a bakinsa, aka kuma zaɓe shi gwarzon wata. A zagayen sili-ɗaya-ƙwale suka fitar da Utah, Phoenix da San Antonio, duk ƙungiyoyin da suka fi su cin wasa a kakar, sannan suka yi wa Orlando ci huɗu ba ko ɗaya. Har zuwa 2025 babu ƙungiyar da ta taso daga matsayi na shida ta ɗauki kofi in ba su ba.

Gajiya da rauni

Kakar NBA tana farawa ne a Oktoba. Kowace ƙungiya tana buga wasa 82 kafin tsakiyar Afrilu, sannan a shiga zagaye huɗu, kowanne sai an ci wasa huɗu cikin bakwai. Zakara yana buƙatar nasara 16, kuma yakan kai tsakiyar Yuni yana gudu a kan katako, alhali waɗanda ba su tsallake ba sun yi wata biyu suna hutawa. In aka haɗa shekara biyu, 'yan wasan sun buga wasa ɗari biyu ko kusa da haka. Gwiwa da idon sawu da agara su ke biyan kuɗin.

Misalan suna da yawa har sun fi ƙarfin a ce tsautsayi ne kawai. Golden State ta je neman na uku a 2019, agarar Kevin Durant ta tsinke a wasa na biyar na zagayen ƙarshe, jijiyar gwiwar Klay Thompson ta biyo baya a na shida. Lakers ta ci kofin 2020 a watan Oktoba saboda annobar korona ta jinkirta gasar, ta koma fili a Disamba, aka fitar da ita a zagayen farko Anthony Davis yana ɗingishi. Milwaukee, mai kofin 2021, ta rasa Khris Middleton a 2022. Boston ta rasa Jayson Tatum a 2025, shi ma agara, a karawarsu da New York.

Dokar kuɗi

Tun kakar 1984 zuwa 1985 NBA ta sa iyaka kan jimillar albashin da ƙungiya za ta biya 'yan wasanta. Iyakar tana da kafofi, amma wanda ya zarce wani mataki sai ya biya haraji. Matsalar zakara ita ce kofi yana ɗaga darajar kowa. Ɗan benci da ya yi abin kirki a wasan ƙarshe, da kwantiraginsa ya ƙare sai wata ƙungiya ta ninka masa albashi. Haka Denver ta rasa Bruce Brown bayan kofin 2023, kuma a shekarar da ta biyo baya Minnesota ta fitar da ita a wasa na bakwai, bayan Denver ta yi gaba da tazarar maki 20.

Yarjejeniyar da aka ƙulla da ƙungiyar 'yan wasa a 2023 ta ƙara ɗaure igiyar. Ta kafa wani mataki na biyu a saman haraji, wanda a kakar 2024 zuwa 2025 ya kai kusan dala miliyan 189, iyakar albashin kuma tana wajen miliyan 141. Ƙungiyar da ta haye wannan mataki ba ta da ikon haɗa albashin 'yan wasa biyu ta yi musayarsu da ɗaya, ba ta saka tsabar kuɗi a ciniki, kuma ana hana ta yin musaya da damarta ta zaɓen sabon ɗan wasa a zagayen farko na shekara ta bakwai mai zuwa. A da mai ƙungiya yakan rufe ido ya biya haraji. Yanzu ko yana da kuɗin, doka ta riƙe masa hannu. Shekara ɗaya bayan kofinta na 2024, Boston ta rabu da Jrue Holiday da Kristaps Porzingis don ta sauko daga wannan mataki. Ga kuma tsarin zaɓen sababbin 'yan wasa, inda na ƙasa ke fara ɗiba, mai yawan nasara ya jira ragowa.

Sakamakon a bayyane yake. Daga 2019 zuwa 2025 ƙungiyoyi bakwai daban-daban suka ɗauki kofi: Toronto, Lakers, Milwaukee, Golden State, Denver, Boston da Oklahoma City. Abin da ya fi wannan nauyi, shida na farkon nan babu ko ɗaya da ta wuce zagaye na biyu a shekarar kare kambunta.

Toronto da Siakam

A Kamaru labarin da aka fi sani shi ne na Toronto Raptors, saboda Pascal Siakam, ɗan Duwala, wanda ya bi ta sansanin horon Luc Mbah a Moute kamar yadda Joel Embiid ya bi. Shugaban ƙungiyar a lokacin, Masai Ujiri, a Zariya ya tashi. Siakam ya zuba maki 32 a wasan farko na zagayen ƙarshe a 2019, ƙungiyar kuma ta ɗauki kofi. Wata guda bai cika ba Kawhi Leonard, gwarzon wasannin, ya tattara ya koma Los Angeles Clippers. An ɗauka ƙungiyar ta rushe ke nan, amma ta ci wasa 53 cikin 72, Siakam ya shiga sahun taurarin gasar a karo na farko. Sai da Boston ta kai su wasa na bakwai kafin ta fitar da su. Wannan kaka ta cancanci yabo fiye da yadda ake ba ta, domin da wuya a nuna ƙungiyar da ta rasa babban ɗan wasanta ta kuma riƙe mutuncinta haka.

Masu bin gasar a Garwa, Marwa, Ngaundere da Injamena suna biya da barcinsu. Wasannin ƙarshe sukan fara ne wajen ƙarfe ɗaya da rabi na dare a agogon Kamaru da Chadi, su ƙare gab da kiran assalatu. A watan Yuni ne, farkon damina, kuma sau da yawa ba a cika gidan kallo ba: samari huɗu ko biyar ne a bencin mai shayi sun haɗa kai a kan waya ɗaya, an jingina ta da gwangwanin madara, kowa yana addu'a kada intanet ta ɗauke a mintunan ƙarshe. Haka aka sake kwana a 2025, da Siakam ya kai Indiana wasan ƙarshe, Oklahoma City ta doke su a wasa na bakwai bayan agarar Tyrese Haliburton ta tsinke tun a zangon farko.

Sauran gasa

A gasar ƙungiyoyin Afirka ta BAL, wadda aka buɗe a Kigali a 2021, kofi biyar na farko sun tafi gida biyar: Zamalek ta Masar, US Monastir ta Tunisiya, Al Ahly ta Masar, Petro de Luanda ta Angola, da Al Ahli ta Tarabulus. Dalilin a nan daban ne. Gasar gajera ce, zagayen ƙarshe wasa ɗaya ne tak, kuma ƙungiyoyi sukan ɗauki baƙin 'yan wasa na ɗan lokaci, su watse da an gama. FAP ta Yawunde ta kai wasan kusa da na ƙarshe a 2022. A Turai Olympiacos ta jera biyu a 2012 da 2013, Anadolu Efes a 2021 da 2022. A gasar mata ta Amurka, Houston Comets ta ci huɗun farko daga 1997.

Yadda ake auna dama

Masu nazarin wasan sukan duba shekarun manyan 'yan wasa, da ko kwantiraginsu na nan daram, sai kuma zurfin benci, wato mutum na shida zuwa na tara, waɗanda dokar kuɗi ke fara ɗaukewa. Ta wannan ma'auni Oklahoma City ta 2025 ta fita daban da zakarun da suka gabace ta: ta ci wasa 68, tana cikin ƙungiyoyi mafi ƙarancin shekaru da suka taɓa ɗaukar kofi, Shai Gilgeous-Alexander yana kan ganiyarsa, ga tarin zaɓen sababbin 'yan wasa da ta ajiye. Amma ma'aunin yana da iyaka. Golden State, mai kare kofin 2015, ta ci wasa 73 a 2016, adadin da ba a taɓa kaiwa ba, ta yi gaba da ci uku da ɗaya a wasannin ƙarshe, Cleveland ta ƙwace kofin. Miami kuwa a 2013 tana gab da sallamawa a wasa na shida, Ray Allen ya ja da baya zuwa lungu ya jefa mai maki uku, saura daƙiƙa biyar a tashi.