Yoyon Man Haidirolik a Tsohuwar Katafila Mai Bokiti

Yoyon man haidirolik shi ne ficewar mai daga hanyar da aka tsara masa a cikin inji, ko dai ya fito waje a gan shi, ko kuma ya sulale ta ciki daga ɓangaren da ke da matsi zuwa wanda ba shi da shi. Yana cikin matsalolin da suka fi addabar tsofaffin lododi masu tafiya a kan sarƙa, wato katafilar nan mai bokiti a gaba da ake haƙa da lodin ƙasa da ita. Kamfanin Caterpillar ya fito da samfurin 955 da 977 a shekarar 1955, sannan a farkon shekarun 1980 ya kawo 953 da 963 masu inji a baya, kuma har yau da yawa daga cikinsu suna bakin aiki tare da takwarorinsu na Komatsu da John Deere da Case. Ƙarfen waɗannan injuna yana jure shekaru masu yawa, amma roba ba ta jurewa, shi ya sa yawancin yoyo daga tiyo da sil, wato zoben robar da ke hana mai tsiyaya, yake farawa.

Yadda tsarin yake aiki

Famfo yana zuƙo mai daga tanki ya tura shi zuwa bawul ɗin da direba ke sarrafawa da liba, daga nan man ya shiga silindojin da ke ɗaga hannuwa da kifar da bokiti, sannan ya koma tanki ta cikin filta. Tushen aikin shi ne ƙa'idar da Blaise Pascal na Faransa ya bayyana a ƙarni na 17, cewa matsin da aka ɗora wa ruwan da ke rufe yana isa ko'ina a cikinsa daidai wa daida. A tsofaffin injuna matsin layin bokiti yakan kai wajen bar 140 zuwa 200 (bar shi ne ma'aunin matsi), a waɗanda mai ke juya sarƙarsu kuwa layin tafiya yana iya kaiwa bar 400.

Abubuwan da ke jawo yoyo

Zafi da tsufa su ne kan gaba. Idan mai ya riƙa wuce digiri 82 a ma'aunin Salsiyas, sil ɗin roba yakan bushe ya ƙage, har idan aka ciro shi a ga ya yi tauri yana karyewa kamar busasshen kara. Tiyo kuwa yawanci gogayya ce ke kashe shi: yana shafar wani ƙarfe duk lokacin da hannu ya ɗaga ya sauka, har robar waje ta cinye, wayar da aka saƙa a ciki ta bayyana, tsatsa ta ƙarasa ta. A silinda, dutse ɗaya da ya faɗo daga bokiti ya isa ya kwarzane sandar, kuma daga ranar duk shigarta da fitarta sai ta yanki sil. Girgiza ma tana sassauta noti da tsaga bututun ƙarfe a kusa da inda aka ɗaure shi.

Bai kamata a raina ɗigo ba. Ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa, idan bai tsaya ba, ya haura lita 1,500 a shekara, kuma ƙofar da mai ya fita ta nan ƙura da ruwa suke shiga.

Gano inda man ke fita

Wurin da aka ga mai ba kasafai yake zama mafitarsa ba. Mai yana bin jikin tiyo ya gangara, fanka tana watsa shi, farantin da ke kare cikin injin daga ƙasa yana tara shi tare da laka sai ya ɗiga a can wani gefe. Saboda haka makanikin da ya san aikinsa yakan fara da wanke injin tas, ya bar shi ya bushe, ya cika tanki daidai alama, sannan ya tayar ya motsa liba ɗaya bayan ɗaya yana neman wuri mafi tsayi da ya fara jiƙewa. Idan yoyon ya ɓuya, ana zuba wani rini na musamman a cikin man, wanda yake sheƙi idan aka haska shi da fitilar ultrabayolet.

Yoyon ciki ya fi wuyar kamawa domin ba ya barin tabo a ƙasa. Alamunsa su ne bokiti ya riƙa sauka da kansa, ƙarfin ɗagawa ya ragu idan mai ya yi zafi, ko wani ɓangare ya fi sauran zafi. Mutane da yawa suna gaggawar ɗora laifin a kan sil ɗin fistin, wato ƙarfen da mai ke turawa a cikin silinda, alhali sau da dama bawul ne ya cinye. Ana bambancewa ta hanyar miƙe silindar har ƙarshe, a sauke matsi, a cire tiyon ɓangaren sanda a toshe shi, sannan a sake ba ta matsi ta ɓangaren miƙewa: idan mai ya ci gaba da kwarara ta buɗaɗɗen bakin silindar, sil ɗin fistin ya mutu. Kamannin man ma suna ba da labari. Idan ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga. Idan yana kumfa famfo kuma yana kuka, iska ce ke shiga ta layin zuƙa, wanda shi ba ya ɗiga sai dai ya sha iska. Idan kuma tanki yana raguwa man wani akwati yana ƙaruwa, sai a tuhumi sil ɗin sandar famfo.

Haɗarin da ke ciki

Mafi munin haɗari shi ne mai ya huda fata. Matsin da bai wuce bar 7 ba yana iya yin haka, kuma tiyon da ya yi ƙaramar huda yana fesa man siriri kamar allura, ido ba ya ganinsa sosai, safar hannu ba ta tare shi. Abin da ya sa raunin ke yaudarar mutane shi ne ƙanƙantarsa: ɗan ɗigo ne a yatsa kamar sukar ƙaya, zafin kuma bai taka kara ya karya ba da farko, alhali man ya riga ya bazu a cikin nama yana kashe shi. Wanda hakan ta same shi dole a garzaya da shi asibiti nan take a gaya wa likita irin man da ya shiga, domin tiyata ake yi, kuma jinkirin sa'o'i kaɗan yana iya jawo yanke yatsa ko hannu. Don haka ba a laluben yoyo da hannu ko kusa. Kwali ko katako ake karawa daga nesa, da tabarau a ido.

Kashe inji ba ya sauke matsi. Kafin a taɓa sifana, ana ajiye injin a shimfiɗaɗɗen wuri, a sauke bokiti ƙasa, a kashe, a cire makulli, a motsa kowace liba gaba da baya sau da yawa, a bar mai ya huce, sannan a kwance murfin tanki a hankali domin wasu tankunan suna riƙe iska mai matsi. Idan aikin ya tilasta a bar hannuwa a sama, sai an tokare su da ƙarfen da aka yi domin haka, saboda mai kaɗai ke riƙe da su, kuma da zarar an kwance tiyo za su faɗo. Farantin ƙasa kuma da jak ake sauke shi, domin lakar da ta cika shi tana ninka nauyinsa.

Gyara

Tiyon da ke ɗaukar matsi ba a yi masa faci, sauya shi ake yi da wanda ya yi daidai da shi a faɗi da ƙarfin matsi, kamar yadda aka rubuta a jikinsa. Ana barin masa ɗan sassauci, domin tiyo yana iya gajarta da kashi 4 cikin 100 idan matsi ya shiga, kuma layin rubutun da ke jikinsa yana nuna ko ya murɗe. Bakunan haɗi iri-iri ne: akwai JIC mai kusurwar digiri 37, akwai ORFS mai zoben roba a fuska, akwai BSP na ma'aunin Birtaniya, wasu kuma suna kama da juna har su fara ɗauruwa amma ba sa riƙe mai. Ƙara ɗaure notin da ke yoyo ya fi jawo tsagewa fiye da waraka, kuma ba a ɗaure shi alhali akwai matsi a ciki.

A silinda, sabon sil a kan kwarzananniyar sanda ba ya daɗewa, sai an goge ta ko an sake mata kurom, wato rufin ƙarfe mai sheƙi da ke jikinta. Duk bakin da aka buɗe a toshe shi nan take, domin ƙurar da ido ba ya gani ita ce ke cinye famfo da bawul. Bayan an haɗa, ana cika tanki da irin man da littafin kamfani ya ambata, a tayar da inji a hankali, a motsa silindojin sau da yawa ba tare da kaya ba har iska ta fita, sannan a sake duba geji. Tsohon man da ƙasar da ya jiƙa ana tattara su a mazubi mai murfi a kai inda ake sarrafa su, ba a zubar da su a ƙasa ko magudanar ruwa.