Waiwaye: yadda dajin ƙasashen ƙanƙara ya koma cin wuta

Lokacin da hotunan New York sunka cika Facebook a watan Yunin 2023, sama ta yi ja jawur kamar an watsa mata jar ƙasa, wani a majalisarmu ta gindin dogon yaro cewa ya yi to madalla, yau su ma sun ɗanɗana hazo. Anka yi dariya anka wuce. Hayaƙin dajin Kanada ne iska ta kwaso, kuma kafin shekarar ta ƙare wuta ta cinye kusan hekta miliyan 15 a ƙasar, wato ka ɗauki jihar Sakkwato kaf ɗinta tun daga Illela har Kebbe ka jera fiye da guda biyar.

Shi dai wanga daji, taiga kamar yadda Rashawa ke ce mai, ya yi wa arewacin duniya ɗamara ne tun daga Alaska da Kanada, ya bi ta Suwidin da Finlan ya ratsa Saberiya. Ba tsoho ba ne can can, don wajen shekara 11,700 da sunka wuce ne zamanin ƙanƙara ya ƙare, wurare da yawa sai da ƙanƙarar ta ja baya sannan itatuwa sunka samu wurin tsirowa. Yawancin itatuwan masu ganye ne siriri kamar allura, da yawansu ba su kaɗewa da sanyi.

Amma ni abin da ya fi ɗaure min kai ƙasar wurin ce. Mu nan in ka bar karan gero a gona, ko kashin shanu, kafin damina ta zagayo gara da zafi sun gama da shi, shi ya sa ƙasarmu ba ta ajiye taki, kullum sai an kai. Can kuwa babu gara, ga sanyi ga danshi, ganye in ya faɗi ba ya ruɓewa da wuri, sai wani ya hau kan wani shekara dubbai, a wasu wuraren ma ƙasar ta daskare ba ta narkewa rani da damina. Kamar dai naman da anka manta cikin firiza. Masana sun ƙiyasta kabon, wato sinadarin da in ya fita cikin iska yake ɗumama duniya, da ke kwance cikin wagga daskararriyar ƙasa ya kai wajen tan biliyan 1,500, kusan ninki biyu na wanda ke cikin iskar duniya duka, kuma ba komai ke riƙe da shi ba sai sanyi. To yanzu an fara ɗauke wa firizar wuta, kowa ya san abin da ke biyo baya.

Maganar ba yau ta fara ba. Tun 1896 wani masani ɗan Suwidin, Svante Arrhenius, ya yi lissafi da hannu cewa in iskar kabon ta ƙaru duniya za ta ɗumama kuma arewa za ta fi jin abin, shi a lokacin ma gani yake alheri ne ga mutanen ƙasashen sanyi, ban ga laifinshi ba. A 1958 wani masani Ba'amurke, Charles Keeling, ya fara auna iskar kabon ɗin a dutsen Mauna Loa na Hawai ya samu wajen kashi 315 cikin miliyan, yau an haura 420. Kuma daga 1979 zuwa yanzu ƙuryar arewa na ɗumama kusan ninki huɗu na sauran duniya.

Ƙwaro ne ya fara tona asiri. A lardin British Columbia na Kanada akwai wani ɗan ƙwaro bai fi ƙwayar shinkafa ba, yana shiga ƙarƙashin ɓawon itace kamar yadda gunda ke cin azara, da can sanyin da ke kaiwa digiri 40 ƙasa da sifiri shi ke kashe mafi yawansu duk shekara. Daga ƙarshen shekarun 1990 irin wanga sanyi ya yi ƙaranci, ga daji cike da tsofaffin itatuwa saboda an daɗe ana hana wuta ci, ƙwaro ya samu gari, ya taɓa fiye da hekta miliyan 18, duwatsu sunka koma ja da matattun itatuwa.

Sai dabbobi. Mutanen Yamal a Saberiya makiyaya ne, suna kiwon wata irin barewa mai ƙaho reshe-reshe, suna tashi da ita kamar yadda Fulaninmu ke tafiya mashekari. Ita da kofato take tona dusar ƙanƙara ta ci abin da ke ƙasa. A ƙarshen 2013 sai ruwan sama ya sauka kan dusar a lokacin da bai kamata ba, ya daskare ya zama kamar siminti, abinci na nan ƙasan ƙafarsu amma ba halin kaiwa gare shi, wajen 61,000 sunka mutu da yunwa. Duk wanda iyayenshi sunka ba shi labarin farin 1973 da yadda shanu sunka riƙa faɗuwa a hanya ya san mi wannan ke nufi ga mai garke. A 2016 kuma zafi ya yi tsanani a yankin, cutar antiraks mai kama dabbobi da mutane, wadda anka yi shekara 75 ba a gani ba, ta dawo, ta kashe barewa fiye da 2,000 da yaro ɗaya.

A watan Yunin 2020 garin Verkhoyansk na Saberiya, wanda anka sani da sanyin da ke kusan 68 ƙasa da sifiri, ya ga zafi digiri 38. Mu nan a watan Afrilu wannan sauƙi ne, amma can fa cikin da'irar Aktik ne, wato ƙuryar arewacin duniya.

Wuta ita kanta ba baƙuwa ba ce a dajin, akwai itatuwan da 'ya'yansu ba su buɗewa sai wuta ta gasa su. Matsalar ita ce yanzu tana dawowa kafin sabbin su girma su yi iri, kuma tana cin ƙasar kanta ba itace kaɗai ba, sai ka ga wurin da ke da masu ganyen allura ya koma na masu faffaɗan ganye ko ciyawa zalla. Wata wutar ma ba ta mutuwa, tana shigewa ƙasa ta yi ta ci a hankali kamar garwashin da anka rufe da toka, dusar ƙanƙara na samanta. Haka anka yi a yammacin Kanada, wutar 2023 ta kwana ƙarƙashin ƙasa duk tsawon sanyi, da bazarar 2024 ta shigo hayaƙi ya sake tasowa daga wuraren da anka ɗauka an gama da su.