Sitirimin: me kalmar take nufi a wurin masu rubuta manhaja?

Tun lokacin gasar kokowa ta ƙasa kalmar nan ta cika mini kunne a Damagaram. A fada, a rediyo, a bakin masu shirya taron siyasa: za mu yi sitirimin, ku biyo mu a sitirimin, sitirimin ya yanke. Abin da suke nufi kawai an ɗora salula a kan sanda ana nuna taro a Facebook. Har na ji wani mai gabatar da shiri ya fassara ta da "kai tsaye", ya wuce abinsa. Wannan fassarar ce take damuna. Rediyo ya daɗe yana kawo mana kokowa kai tsaye tun ba a san intanet ba, ba wanda ya kira shi sitirimin. Wa'azin da aka ɗauka shekara biyar da suka wuce kuwa, in ka buɗe shi yau a YouTube ya fara tafiya kafin ya gama sauka, sitirimin kake yi.

Kalmar ta Ingilishi ce, Faransanci ma aro ya yi. Tushenta sitirim, wato rafi ko ƙorama, ruwa mai gudu. Ma'anarta ka fara aiki da abu yana kan zuwa, kaɗan-kaɗan, ba tare da ka tara shi duka wuri ɗaya ba. Bidiyo reshe ɗaya ne kurum.

Mu da muka tashi muna lissafin jarka bai kamata wannan ya ba mu wuya ba. Mai lambu yana son ruwa ya kai ga shukarsa. Ko dai ya cika tanki tukuna sannan ya fara ban ruwa, to dole tankin ya kai girman ruwan da yake buƙata. Ko kuma ya jona tiyo. A kowane lokaci abin da ke cikin tiyo bai wuce ƴan litoci ba, amma kafin magariba dubbai sun bi ta cikinsa. Tankin nan shi ne ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kwamfuta, wadda ake kira RAM, kuma tana da iyaka.

Wani ɗalibi da nake duba wa aiki ya rubuta wa wani ofis a nan gari manhaja mai aika takardun da aka yi wa hoto zuwa uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke karɓa tana ajiye su, a Yamai. Irin manhajar nan ce da ke magana da wata manhaja ƴar uwarta ta intanet, babu mutum a tsakani, kuma an gina ta a kan SOAP, inda kowane saƙo rubutu ne cikin tsarin XML. Ƙananan fayiloli suna wucewa lami lafiya. Da an maƙala wa saƙo babban kundi sai na'ura ta tsaya cik. Ya zo mini Sabon Gari da kwamfutarsa cikin jaka, gumi na zuba, ya ajiye ta a kan tabarma.

"Malam, rezo ne. Kullum haka yake yi mana."

Na ce masa, "Buɗe mini inda kake karɓar fayil ɗin mu gani."

Rezo ba shi da laifi a ranar. Saƙon XML haruffa yake ɗauka, hoto kuwa ba haruffa ba ne. Don a cusa shi ciki sai a juya shi zuwa rubutu ta hanyar Base64, dabarar da ta yaɗu da tsarin MIME na imel tun 1992, lokacin da hanyoyin wasiƙar intanet ba sa iya ɗaukar komai sai rubutu. Tana amfani da alamomi 64, manyan baƙaƙe da ƙanana da lambobi da wasu biyu, kuma kowane bayit 3 (bayit ƙaramin ma'auni ne na girman fayil) yana komawa harafi 4. Ke nan kaya ya ƙaru da kashi ɗaya cikin uku tun bai bar gida ba. Muka ɗauki biro muka yi lissafi a bayan wata takarda. Kundi mai mega 300 ya zama 400. Manhajarsa, a ɓangaren uwar garke, tana karanta saƙon gaba ɗaya ta jibge a ƙwaƙwalwa kafin ta duba ko da layin farko. A tsohuwar sigar Java, harshen da aka rubuta manhajar da shi, wadda ta fito kafin siga ta 9 ta shekarar 2017, kowane harafi bayit 2 yake ci, 400 ta koma 800. Sannan a warware rubutun a mayar da shi hoto, ƙarin 300. Mega 1,100 ke nan saboda fayil ɗaya na mutum ɗaya. Uwar garken tasu giga 2 gare ta. Mutum biyu suka aika lokaci guda, magana ta ƙare.

An daɗe da gano maganin rabin wannan matsala. A watan Janairun 2005 ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet ta amince da MTOM tare da XOP, ƙa'idoji biyu na maƙala fayil a irin wannan saƙo. Hikimar irin ta tasha ce. In za ka aika wa gida buhun gero, wasiƙa tana aljihun direba, buhu yana saman mota, a cikin wasiƙar ka rubuta cewa buhu mai alama kaza naku ne. Haka MTOM yake yi: saƙon XML ya tafi ɗan ƙarami da ƴar alama mai nuni, fayil ya biyo baya a nasa sashe yadda yake, ba a juya shi zuwa haruffa ba. Kashi ɗaya cikin ukun nan ya faɗi.

Bayan kwana biyu ya dawo. "Malam, na kunna MTOM, na yi sitirimin, amma har yanzu tana mutuwa."

Nan ne ruɗani na biyu, bayan na fassarar "kai tsaye", kuma shi ya fi ci mini rai, don a bakin masu sana'ar yake. Kunna MTOM yana buɗe ƙofar sitirimin ne kawai. Yaron ya karɓi tiyo, sai ya zura bakinsa cikin tanki: layi ɗaya ya rubuta mai cewa a karanto fayil ɗin duka a zuba a ma'aji guda. Ga kuma wani sashe da ya bari a kunne, mai kwafe kowane saƙo cikin littafin bibiya, shi ma sai ya haɗiye saƙon dukansa. Muka goge layin, muka rubuta ɗan zagaye: ɗebo kilobayit 64, rubuta a faifai, ɗebo na gaba. Mutum goma su aika tare, abin da wannan ɗiba ke riƙewa bai cika mega ɗaya ba. Ko lambar tantance fayil irin SHA-256 ana lissafa ta a haka, kaya na wucewa. A gefen mai aikawa ma HTTP/1.1, ƙa'idar da saƙon ke tafiya a kanta a intanet, ta ba da dama tun 1997 a tura saƙo gutsure-gutsure ba sai an faɗi girmansa tun farko ba.

A ganina duk wanda ke rubuta manhaja don ƙasarmu ya kamata ya fara da wannan tunani. Wanda ke da manyan na'urori zai iya ƙara RAM ya rufe kuskurensa da kuɗi. Ofisoshinmu ba su da wannan hali, sai a wayi gari ana zagin rezo, ana cewa na'ura ta tsufa, ana neman kuɗin sabuwa, alhali layi ɗaya ne ya jawo.

Sitirimin yana da nasa sharaɗi. Abin da ya wuce ya wuce, sau ɗaya ake karanta shi. In kana son sake dubawa sai ka ajiye da kanka. In saƙo yana ɗauke da fayil biyu ka nemi na biyu kafin ka gama da na farko, dole a sama wa na farkon masauki. Manhajoji irin su Apache CXF sukan sauke shi a faifai in ya wuce wani girma, don haka a riƙa rufe kowane fayil bayan an gama da shi, kada tarkacen ya cika faifan. Kuma sitirimin ba ya rage maka mega ko ɗaya. Wanda ya kalli kokowa sau biyu a intanet yawanci sau biyu ya biya. Ragin da yaron ya samu a hanya daga barin Base64 ya fito, sitirimin kuwa ƙwaƙwalwa ya ceta.

Ranar da muka gwada, kundin mega 300 ya tafi har 250, sai wuta ta ɗauke a unguwa, layi ya yanke. Ya dube ni yana jiran ya ci gaba daga inda ya tsaya. Bai ci gaba ba, don wannan wani aiki ne dabam: sai an yanka fayil kashi-kashi, kowane kashi da lambarsa, uwar garke ta riƙa faɗin na nawa ta karɓa. Mun yi da shi zai dawo ranar Asabar bayan la'asar mu fara rubuta wannan sashen.