Waiwaye: Yadda Rikicin Gidan Alloli Ya Shigo Tsakar Gidajenmu

Daga majalisun Tudun Wada zuwa na Samaru, muhawara ta yi zafi a Zariya kan fina-finai masu dogon zango da aka fassara zuwa Hausa, waɗanda ake nuna alloli suna cin amanar 'yan'uwansu, suna makoki, suna ɗaukar fansa. Iyaye na tsoron kada shirka ta ratsa zukatan yara, tsoron nan kuwa yana da hujja, matasa kuma na cewa ai labari ne kawai. Sai dai ana maganar kamar jiya abin ya faɗo daga sama, alhali ya daɗe yana tafe.

Labaran kansu sun tsufa ƙwarai. A Masar, tun kusan shekara 2400 kafin haihuwar Annabi Isa, akwai alamun labarin abin bautarsu Usiris a bangon dala: ɗan'uwansa Set ya kashe shi, matarsa Isis ta yi ta yawo tana neman gawarsa, ɗansu Horus ya girma ya nemi haƙƙin ubansa. A Girka, abin bautarsu Kuronus haɗiye 'ya'yansa yake yi don kada su ƙwace masa mulki, har ɗansa Ziyus ya tsira ya tumɓuke shi. Mu ma ba baƙin tatsuniyar aljanu da dodanni ba ne, a nan Zariya aka kafa kamfanin Gaskiya a 1945, ya kuma buga irin waɗannan littattafai. Fina-finan Indiya, da gumakansu da komai, tun shekarun 1950 ake kallonsu a gidajen silima na Arewa.

Inda zancen ya juya, wanda ba a cika tsayawa a kansa ba, shi ne lokacin da aka fara ɗora muryar Hausa a kan fina-finan waje, abin da ya bazu bayan shekarar 2010. Kafin nan mai kallo yana ganin hoto ne, harshen kuwa katanga ce tsakaninsa da abin da ake bauta wa a ciki. Da fassara ta zo, katangar ta faɗi. Mai fassara dole ya zaɓi kalma: ya ce ubangiji ne, ko abin bauta, ko sarkin aljanu, kowace kuma da nauyinta a kunnen Musulmi. Amma abin da ya fi wannan tasiri, a ganina, shi ne sunayen zumunta. Da zarar wani abin bauta ya buɗe baki ya ce "Yaya", wata ta ce "Baffa, kai ka kashe mini uba", to labarin ya bar sararin samaniya ya sauko zauren gidanmu, domin rikicin 'yan uba, da kishi tsakanin ɗakuna, da rabon gadon da ke raba zumunci, babu yaron da ya tashi a babban gida cikin birni da bai ji ƙishin-ƙishin ɗinsu ba.

A daidai wannan lokaci kallo ya tashi daga silima, inda manya ke zuwa da dare, ya koma wayar hannu, mai turi a Sabon Gari ya cika maka memori da fim kashi-kashi har hamsin a zama ɗaya. Kaka da ke ba da tatsuniya tana buɗewa da "ga ta nan, ga ta nanku", ta rufe da "ƙurunƙus, ba don gizo ba da na yi ƙarya", wato ta shata wa yaro iyaka tsakanin ƙirƙira da gaskiya, idan ya tsorata ma tana kusa. Waya ba ta buɗewa da komai, ba ta rufewa da komai, hirar dare kuma mun bar ta ta mutu a gidaje da yawa tun kafin fassara ta iso.

Kwanan baya na tarar da ɗiyar ƙanwata, 'yar shekara tara, ta haɗa kai da gwiwa a bakin rijiya, waya a cinyarta, tana share hawaye da gefen hijabi. Na ce, "Uwata, me ya faru?" Ba ta ambaci bauta ko gunki ba, a kan wanda ya ci amanar yayansa a fim ɗin cewa ta yi, "Kawu, ƙaninsa ne fa, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ya kira shi cin abinci." Na zauna kusa da ita, muka kalli sauran kashin tare, ina tsayar da shi jefi-jefi ina yi mata bayanin su wane ne waɗannan, da mutanen da suka ƙirƙiro su, har aka kira magariba.