Jakar Iskar Takata da Sauran Kayan Mota Masu Lahani

Mu da muke aikin lafiya muna ganin haɗarin mota ne daga ƙarshensa, wato bayan an kwaso mutane an kawo su asibiti, kuma bayanin da 'yan uwa ke yi mana sau da yawa bai wuce cewa taya ce ta fashe ko birki ne ya tsinke ba. Gudun wuce sa'a da gyangyaɗin direba da ramukan hanya duk suna da nasu kason, amma akwai kason da ke ɓoye a jikin motar kanta, wanda mai mota zai iya ganowa tun tana tsaye a ƙofar gida.

Lahanin da ya fi kowanne girma a tarihin ƙera motoci shi ne na jakar iskar kamfanin Takata na ƙasar Japan. Jakar iska ita ce wadda ke naɗe a tsakiyar sitiyari da kuma gaban kujerar fasinja, tana kumburowa lokacin karo domin ta tare kai da ƙirji. A bayanta akwai ɗan gwangwanin ƙarfe mai ɗauke da sinadari, wanda ke ƙonewa ya cika jakar da iska kafin ƙiftawar ido. Takata ya yi amfani da sinadarin amoniyam naitiret saboda arharsa, shi ne dai wanda ake takin zamani da shi, kuma shi ne ya tarwatsa tashar jiragen ruwa ta Beirut a watan Agustan 2020. Idan sinadarin ya shekara da shekaru yana shan zafi da laima, yana sanyi da dare yana gasuwa da rana, sai ya lalace ya riƙa ƙonewa da saurin da ya fi ƙarfin gwangwanin, gwangwanin ya fashe, tarkacen ƙarfe ya yi feshi a fuska da wuyan wanda aka sa jakar domin ta kare. A jihar Fulorida ta Amurka, a 2014, raunukan wuyan wata mata da ta rasu ta wannan hanya sun sa 'yan sanda suka fara binciken kisan kai, suna zaton wuƙa aka daɓa mata.

Kamfanin Honda ne ya fara kiran motoci a dawo da su gyara a watan Nuwamban 2008, kuma a lokacin motocin ba su wuce kimanin 4,000 ba. Kafin a ankara adadin jakunkunan da aka nemi a canza ya kai kusan miliyan 67 a Amurka kaɗai, kusan miliyan 100 a duniya, a motocin kamfanoni 19. Hukumar kiyaye haɗura ta Amurka, NHTSA, ta tabbatar da mutuwar mutum 28 a ƙasar, da jikkatar sama da 400. A 2017 Takata ya amsa laifin ɓoye sakamakon gwaje-gwajensa, ya amince da biyan dala biliyan 1, sannan ya durƙushe a watan Yunin wannan shekara.

Dalilin da ya sa wannan labari ya shafe mu shi ne irin motocin da ke cikin jerin. Akwai Honda Accord ta 2001 zuwa 2007, wadda ta haɗa da waɗanda muke kira EOD da DC, akwai Civic da CR-V, akwai Toyota Corolla da Matrix na 2003 zuwa 2008, akwai kuma Pontiac Vibe da ta cika titunanmu. Waɗannan su ne motocin da ake sayowa na hannu daga Amurka, su biyo ta Kwatano ko Legas, kuma wadda ta baro can kafin a canza mata jakar, ta iso ne da gwangwaninta na asali. Mafi haɗari su ne Accord da Civic na 2001 da 2002 da wasu 'yan uwansu na Honda da Acura zuwa 2003, domin gwajin da aka yi ya nuna cewa yiwuwar fashewar gwangwaninsu a lokacin karo na iya kai wa kashi 50 cikin 100. Wani zai ce ai Arewa busasshiyar ƙasa ce, laima ba ta dame mu ba, amma motar ta sha laimar inda ta fito da ta bakin teku, tana shan ta damina duk shekara, ga zafin bazara da ke mai da cikin mota tamkar tanda.

Bincikawa ba ta cin ko kwabo in ban da kuɗin data. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, ana ganinta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da kuma jikin takardar da ke manne a bakin ƙofarsa. Idan motar ta Amurka ce, sai a shigar da lambar a shafin intanet na NHTSA ko na kamfanin da ya ƙera ta, a ga ko akwai gyaran da ake binta. Idan akwai, wakilin kamfanin da aka amince da shi za a tuntuɓa. Kada a sayi jakar da aka ciro daga mushen mota irin wannan, domin mai yiwuwa gwangwanin da ake gudu ne za a sake ɗaurawa, kuma kada a bar wanda bai san aikin ba ya kwance ta, tun da abu ne mai fashewa. Idan lahanin na ɓangaren fasinja ne, a bar kujerar gaba ba kowa har sai an gyara. Yara kuwa, da lahani da babu, kujerar baya ce wurinsu.

Akwai wata matsalar kuma ta motocin da suka taɓa yin haɗari aka gyara su don sayarwa, inda ake like murfin sitiyari alhali babu jaka a ciki. Idan an kunna mota, fitilar da ke nuna SRS ko hoton mutum da jaka ya kamata ta kawo na 'yan daƙiƙoƙi sannan ta mutu. Wadda ba ta kawowa sam, da wadda ba ta mutuwa, duk abin tuhuma ne.

Taya ita ce ta biyu, kuma a ganina ita ce ta fi kashe mu a nan. A shekarar 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 saboda fatar bayansu tana saɓulewa mota na cikin gudu, musamman a jikin Ford Explorer, kuma tun kafin nan an ga matsalar a ƙasashe masu zafi irin su Saudiyya da Benezuwela. Roba tana tsufa ko da ba a taka ta ba, don haka zanen taya mai kyau ba shaidar lafiyarta ba ne. A gefen kowace taya, a ƙarshen jerin da ya fara da haruffan DOT, akwai alƙaluma huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, FRSC, ta daɗe tana gargaɗi a kan tayar da ta wuce shekara huɗu daga ranar ƙera ta, kuma dokar Najeriya ta hana shigo da tayoyin hannu, ko da yake kowa ya san suna jibge a kasuwa. Tayar da ta yi ƙari a gefe, ko ta yi tsattsagewa irin ta faso, ba ta da sauran amfani a babbar hanya, balle a motar haya da aka yi wa lodi.

Game da birki, jabun fad, wato abin da ke matse ƙafar mota idan an taka birki, yana aiki daidai a cikin gari, sai an danne shi a gangara ya ɗau zafi sannan ya daina kamawa. Man birki kuma yana tsotsar laima a hankali, abin da ke sa ya tafasa da wuri, feda ta yi laushi ta nutse ƙasa babu kamu, shi ya sa kamfanoni da yawa ke cewa a canza shi duk shekara biyu. Masu cika tankinsa da ruwa da garin sabulu suna gaggauta wannan ne kawai, suna kuma sa tsatsa ta ci bututun daga ciki. A sayi man da ke rufe da hatiminsa, irin wanda aka rubuta a murfin tankin motar, ko DOT 3 ko DOT 4, sannan mai mota ya tsaya a gaban bakanike har a buɗe kwalin fad ɗin a ɗaura, ya kuma karɓi tsohon da aka cire ya ga yadda ya cinye.